Fitilar gyara agogon jiki, tabaran dare da abin rufe ido: ra'ayina a matsayin mai aikin kwana

Jama'a wannan set ɗin da ake ta tallatawa na masu matsalar bacci, wanda ake haɗo fitila mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin haske ne) da tabarau mai ruwan goro da abin rufe ido duk a kwali ɗaya, na saya na yi amfani da shi tsawon lokaci, kuma ga hukuncina tun daga farko don wanda ba shi da lokacin karatu: fitilar tana aiki amma takardar bayanin da suka saka a ciki ba ta san da zaman masu aikin dare ba sam, tabaran rabi da rabi ne, abin rufe idon kuwa da aka jefa kamar kyauta shi ne ya fi komai amfani. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin idan ka duba za ka ga kamfanoni barkatai ne ke liƙa sunansu a kan kusan kaya iri ɗaya, to abin da zan faɗa ya shafi yawancinsu.

Aikina na karɓa-karɓa ne, wani lokaci safe wani lokaci kwana, kuma duk wanda ya taɓa yi ya san yadda abin yake. Ka dawo da safe a gajiye liƙis, ka faɗi kan gado kana cewa yau sai magariba, wajen sha biyu da rabi ido ya buɗe tar kamar an watsa maka ruwa, jiki na ciwo amma baccin ya tafi ba zai dawo ba. Sannan a wajen aiki da misalin ƙarfe huɗu na dare wani irin sanyi ya rufe ka ko da ɗakin ba sanyi, ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka gane ba, ciki ya kumbura, yunwa ta zo a lokacin da bai kamata ba, lokacin cin abincin kuma ka ji ba ka so. Wannan ne ya sa na nemi kayan, ba wai son gayu ba.

Ita fitilar faffaɗa ce siririya, girmanta bai wuce na littafin rubutu ba, farar roba, da 'yar ƙafa a baya da ake buɗewa ta tsaya a kan tebur. Haskenta hawa uku ne, akwai taima da ke kashe ta da kanta. Maɓallan na shafawa ne ba na dannawa ba, kuma wallahi sun cika saurin ji, gefen hannunka ya gifta kawai ta canza hawa ko ta mutu. Ba ta da batir, dole sai a soket, kebur ɗin kuma gajere ne, idan teburinka nesa yake da bango sai ka nemi ƙari. Ƙafar bayan ba ta lanƙwasuwa yadda kake so, kusurwa ɗaya ce, ni sai da na ɗora ta kan wasu littattafai don hasken ya riƙa zuwa daga ɗan sama. Abin da ya ba ni dariya da haushi lokaci guda shi ne adaftar ɗinta tana da wani ɗan ƙwai shuɗi da ke ci muddin tana jikin wuta, kayan gyara bacci fa, amma an saka masa shuɗin haske da zai kwana yana kallonka. Na liƙe shi da baƙin salatif. Ba ta zafi, ba ta ƙara, ba ta ƙyaf-ƙyaf da ido zai iya gani, wannan kam na yaba.

Maganar luks 10,000 ɗin da suka rubuta da manyan baƙi a kwali, akwai wayo a ciki. Luks ba ƙarfin fitila yake aunawa ba, yawan hasken da ya iso inda kake yake aunawa, saboda haka lambar ba ta da ma'ana sai an faɗi daga wace tazara. A irin waɗannan ƙananan, sai ka kusan manna fuskarka kafin ka samu abin da suka rubuta, da na gwada da manhajar auna haske ta waya, wadda ita ma ba awon ƙwararru ba ce, ina ja da baya tsawon hannu ɗaya lambar ta zube ƙasa warwas. Ba wai ta zama banza ba ne, har yanzu ta ninka hasken ɗaki sau da yawa, domin ɗaki ko ofis yawanci tsakanin luks 100 zuwa 500 yake. Amma ka sani ko ranar da hadari ya rufe sama, waje yana haura luks 1,000, rana tsaka kuwa tana iya kaiwa 100,000. Wato idan safiya kake so ka nuna wa jikinka kuma rana na fitowa a inda kake, fita waje kyauta ya fi wannan fitilar nesa ba kusa ba. Asalin irin waɗannan fitilun ma an yi su ne don mutanen ƙasashen da rana ke ɓacewa da hunturu har su shiga ƙuncin rai, ciwon da Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka yi bayaninsa a Amurka a 1984. Mu masu aikin dare daga baya aka tuno da mu, shi ya sa takardar take yadda take.

To a nan ne zan ɗan tsaya, don idan ba ka gane wannan ɓangaren ba kuɗinka ka zubar.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gicciye juna, akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, shi ne babban agogon jiki. Shi ke tsara yaushe zafin jiki zai hau yaushe zai sauka, yaushe za a saki sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi, yaushe sinadarin kotisol mai shirya jiki ya tashi zai hau gab da farkawa. Agogon nan na gaske ne ba karin magana ba, yana tafiya ko da an rufe ka a kogo, wani Bafaranshe Michel Siffre ya yi wata biyu a ƙarƙashin ƙasa a 1962 ba rana ba agogo, lissafin kwanakinsa ya rikice gaba ɗaya amma jikinsa ya ci gaba da bacci da farkawa a zagaye mai ɗan fin awa 24. Daga baya binciken Charles Czeisler na Harvard a 1999 ya nuna matsakaicin zagayen ɗan Adam kusan awa 24 da minti 11 ne. Kuma a 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel saboda gano ƙwayoyin halittar da ke juya wannan agogo, a jikin ƙananan ƙudaje ma suka gano. Tunda ba 24 cif yake ba, kullum sai an saita shi, kuma babban mai saita shi haske ne. A bayan ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman masu sinadarin melanofsin, aikinsu ba ganin hoto ba ne, auna haske ne su kai rahoto, kuma sun fi jin shuɗi wajen nanomita 480, launin sararin sama kenan.

Abin da kwalin bai faɗa ba shi ne haske ɗaya, ƙarfi ɗaya, yana iya tura agogon gaba ko ya ja shi baya, ya danganta da lokacin da ya shiga idonka. Kamar tura yaro a lilo ne, idan ka tura a daidai lokaci ya yi sama, idan ka tura yana tahowa ka tsayar da shi ko ya buge ka. Iyakar da ke raba biyun ita ce lokacin da zafin jiki ke kaiwa ƙasa ƙarshe, yawanci awa biyu zuwa uku kafin lokacin da ka saba tashi, ga mai bacci da dare wajen huɗu zuwa biyar na asuba, wato sanyin nan da na ce yana kama mutum a wajen aiki. Hasken da ya zo kafin wannan lokacin yana jinkirta agogo, jiki ya ɗauka yini bai ƙare ba. Wanda ya zo bayansa yana gaggauta shi, jiki ya ɗauka gari ya waye da wuri.

Takardar me ta ce? Ka kunna da safe, minti 20 zuwa 30, shikenan. Ga mai aikin rana da ya kasa bacci da wuri wannan daidai ne. Ga wanda ya sauko daga dutin dare yana neman ya kwanta ƙarfe tara na safe kuwa, wannan shawara kishiyar abin da yake buƙata ce, don shi so yake agogonsa ya matsa baya ya shiga cikin yini, su kuma sun ce ya ja shi gaba. Wata abokiyar aikina da ta sayi irinta ta bi takardar sak, tana dawowa gida ta zauna gabanta kafin ta kwanta, ta zo tana cewa kayan ƙarya ne ya ƙara lalata mata bacci. Ba ƙarya ba ne, aikinsa ya yi, ta ɓangaren da ba ta so. Layi biyu kacal da sun ƙara a takardar da sun hutar da ita, kuma wannan shi ne babban laifin da nake gani a kayan, ya fi na gajeren kebur nesa.

Yadda ni nake yi, na ɗauko ne daga tsarin da Charmane Eastman da tawagarta a jami'ar Rush ta Chicago suka daɗe suna gwadawa a kan aikin dare: haske mai ƙarfi jefi-jefi a farkon rabin dare, baƙin gilashi a hanyar komawa gida, ɗaki mai duhu ɗumɗum don baccin safe. Ina ajiye fitilar a gefen tebur ba gaba da gaba ba, ba a kallonta kai tsaye, na kunna kamar kwata ɗin awa a kowace awa daga wajen sha biyu, zuwa ƙarfe huɗu na kashe na maida ita jaka. Daren farko da na biyu abin da kawai na ji shi ne gyangyaɗin ya ragu a lokacin da take kunne, don haske da kansa yana wartsakar da mutum nan take. Canjin gaske sai da aka ɗan jera darare, sai na lura sanyin asubar nan ya daina zuwa a lokacinsa ya koma can bayan na tashi aiki, baccin safen kuma da yake yankewa da tsakar rana ya fara miƙewa har wajen biyu da wani abu. Ba baccin dare ba ne, kar wani ya ruɗe ka, amma tazarar da ke tsakanin awa uku da rabi da awa biyar zuwa shida, wanda ya sani ya sani.

Inda abin ke da sarƙaƙiya shi ne dawowa aikin safe. Mutum zai ce to yanzu sai in bi takarda in kunna ƙarfe shida. A'a fa. Idan agogonka ya riga ya matsa har ƙasan zafin jikinka ya koma wajen tara ko goma na safe, hasken ƙarfe shida ya zama na kafin iyaka kenan, ƙara tura ka baya zai yi. Ranar farko gara ka nemi hasken da hantsi ya ɗaga ko da azahar, kana matso da shi da wuri-wuri kowace rana. Agogon ba ya tsalle, awa ɗaya zuwa biyu yake iya matsawa a yini, kuma matsawa baya ta fi masa sauƙi saboda dama zagayensa ya ɗara 24, dalilin kenan da ya sa matafiya a jirgi suka fi jigata idan sun yi gabas fiye da yamma.

Tabaran kuma. Na cikin kwalin mai ruwan goro ne sosai, idan ka saka duniya ta koma launin lemo, farar takarda ta zama rawaya, shuɗin ƙwan adaftar nan da na faɗa ya kusan ɓacewa, wanda shi ne gwaji mafi sauƙi da za ka yi a gida, ka kalli abu shuɗi mai haske, idan har yanzu shuɗi ne garau to tabaran ado ne. Wannan ya bambanta da fararen gilasan da ake sayarwa da sunan kariya daga sikirin, waɗanda kaɗan suke tarewa, kuma nazarin ƙungiyar masana lafiya ta Cochrane na 2023 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi bai samu hujja mai ƙarfi cewa irin waɗannan gilasan suna rage gajiyar ido ba, batun bacci ma sakamakon a cakuɗe yake. Nawa yana tarewa, matsalarsa gini ne, firam ɗin roba ce mai tauri tana matse bayan kunne, gefe da sama a buɗe suke haske na zubowa, idan kana saka gilashin magani kuma ba ya hawa kansa. Ina amfani da shi a ranakun aikin safe, awa biyu kafin kwanciya idan dole sai na taɓa waya ko kwamfuta, kuma ina jin bacci na zuwa da ɗan sauƙi, sai dai ban ga ya fi rage fitilun ɗaki da ajiye wayar ba. Don ba shuɗin kawai ke hana bacci ba, abin da kake kallo ma yana hanawa, tabarau ba zai hana ka shiga musu a Facebook ƙarfe ɗaya na dare ba.

Ga hanyar komawa gida da safe kuwa bai isa ba ko kaɗan, rana ta fi ƙarfinsa, baƙin gilashi na rana mai rufe gefe ya fi shi. Sai dai a nan akwai gargaɗi na gaske, idan kai ne ke tuƙi bayan ka kwana ba bacci, hasken safiyar nan shi ne ɗan abin da ke riƙe da idonka, ka rufe shi kana iya gyangyaɗi a kan sitiyari. Idan wani ne ke tuƙa ka, saka abinka.

Abin rufe idon ba ni da dogon bayani a kansa saboda ba shi da matsala. Mai rami ne ta ciki, ba ya danne ƙwayar ido, za ka iya ƙifta ido a ciki, wajen hanci akwai soso da ke toshe ɗan hasken da ke lallaɓowa ta ƙasa, igiyar mai faɗi ce ba ta cin gashi. Fatar ido ba ta tare haske duka, rufe ido a ɗaki mai haske ba duhu ba ne a wajen agogon jiki. Idan da zafi yana sa gumi, kuma mai kwanciya ta gefe zai ji yana ɗan zamewa. Ban da wannan, da shi kaɗai aka sayar min da na ce kuɗina ya fita.

Akwai abubuwan da set ɗin nan ba zai gyara ba komai tallar da aka yi. Na farko idan jadawalin aikinku na saurin juyawa ne, dare biyu safe biyu, kar ma ka yi ƙoƙarin matsar da agogon, kafin ya motsa an sake juya ka, gara ka bar shi a kan rana ka lallaɓa da ɗan bacci kafin shiga aiki, fitilar ta zama ta wartsakewa kawai a farkon dare. Sannan agogon ba ɗaya ba ne, hanta da hanji da sauran gaɓoɓi kowa da nasa, kuma na hanta lokacin cin abinci ya fi saurare fiye da haske, shi ya sa za ka gyara bacci amma ciki ya ci gaba da rigima idan kana loda abinci mai nauyi ƙarfe uku na dare, lokacin da jiki ya fi kasawa wajen sarrafa sukari. Kafeyin ma, sinadarin nan na kofi da shayi mai hana bacci, rabinsa na nan a jini bayan kusan awa biyar, wanda ka sha ƙarfe biyar na asuba yana tare da kai a kan gado. Ranakun hutu su ne suka fi rusa komai, iyali na buƙatarka da rana, ka juya gaba ɗaya, aikin da fitilar ta yi ya zube, shi ya sa masu aikin dare ƙalilan ne ƙwarai jikinsu ke komawa dare ɗari bisa ɗari ko bayan shekaru. Ni tsakiya nake kamawa, ranar hutu in kwanta can cikin dare in tashi da hantsi. Kuma tallar da ke nuna kamar da fitila an gama da illar aikin dare, ban yarda da ita ba, hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta saka aikin dare cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar kansa tun 2007, ta sake tabbatarwa a 2019, ba wata fitila da aka nuna ta goge wannan.

Illolin da na ji da kaina: ɗan ciwon kai da bushewar ido a farko idan na saka ta a hawa na uku kusa da fuska, da na matsar da ita gefe na rage hawa suka tafi. Abokan aiki ma ba kowa ke so ba, wanda ke zaune kusa da kai bai saya ba amma yana shan hasken, kuma wataƙila shi gobe safe yake da aiki, ka tambaye shi tukuna. Mai ciwon ido musamman na bayan ido, mai shan maganin da ke sa jiki ko ido saurin jin haske, da mai lalurar nan ta hawa da saukar yanayi da likitoci ke kira baifola, kar su taɓa sai sun ga likita, don haske mai ƙarfi yana iya tayar da ita. Idan kuma minshari kake da yankewar numfashi a bacci, ko bacci ya ƙi ka ko a lokacin da ba ka aikin dare, matsalarka ba ta fitila ba ce.

Wa zan ce ya saya? Mai jera darare da yawa a jere, mai zama a inda rana ke makara ko aiki a ginin da ba taga, da wanda agogonsa ya zame ba ya bacci sai ƙarfe biyu na dare yana son dawo da shi amma ba ya samun fita da safe. Shi ma ya duba a rubuce daga wace tazara ake samun luks ɗin, ya tabbatar an rubuta tana tace hasken UV mai cutar da ido, ya zaɓi mai faɗin fuska a kan 'yar ƙarama ko da ta fi wuyar ɗauka. Tabaran ka saya daban mai rufe gefe. Sauran jama'a masu aikin rana da waya ce kawai ta cinye musu dare, ku sayi abin rufe idon da labule mai kauri, ku fita waje minti ashirin da safe, fitilar ku bar mana.